Mutum Na Tara

Tun la'asar Arlys Kuhlman ta fito da kek ɗin lemun tsami daga tanda, ta bar shi ya huce, ta yayyanka shi, ta barbaɗa masa garin sukari. Kek ɗin na kusurwar mijinta ne, shi za a riƙa miƙa wa mutane a taron jam'iyya na yau don a ja ra'ayinsu. Ita kuwa mai yin kek ɗin ta riga ta yanke shawara ba za ta tsaya a wannan kusurwar ba, kuma har yanzu ba ta gaya masa ba.

Ba wai ba ta gwada ba ne. Ta buɗe baki suna karin kumallo, sai ta ji kanta tana cewa ya miƙo mata gishiri. Ta buɗe baki a mota suna dawowa daga coci, sai zancen ya koma na tsadar mai. Haka makonni suka yi ta wucewa har ranar ta zo ta same ta a kicin.

Mu mutanen Osgard ta jihar Iowa a Amurka, in ka taka mana ƙafa mu ne za mu ba ka haƙuri. Maƙwabci zai yi wa gidansa fentin da zai firgita yara, mu tsaya mu duba, mu ce, "Kai, lallai ya fita daban." Amma duk bayan shekara huɗu, a tsakiyar sanyin da ke fasa leɓe, jam'iyya takan tara mu a ɗaki ɗaya domin fid da gwanin da zai nemi shugabancin ƙasa, ta ce kowa ya tashi ya je ya tsaya a kusurwar ɗan takararsa. Ba labule, ba akwati, ƙato bayan ƙato, a gaban fastonka da mai sayar maka da taki da surukarka. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, ko dai bai san mu ba ne, ko kuma ya san mu ƙwarai ya so ya sha dariya.

Delmar, mijin Arlys, ba ya cikin masu jin nauyin wannan rana. Shi ɗokinta yake yi. Tun da ya bar wa surukinsa gonar masara ya rasa abin yi, sai ya rungumi takarar Sanata Rudland hannu bibbiyu, har aka naɗa shi jagoran magoya bayansa na mazaɓar. Babu ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba a garin, da gwiwarsa mai ciwo da hularsa mai rufe kunne. Ya je gidan tsofaffi, ya je wurin masu aikin rumbun hatsi, ya je har gonar da karnukanta suka taɓa yaga masa wando. Gida ɗaya ne bai taɓa zuwa neman goyon baya ba, wato nasa.

Ya shigo kicin yana ɓalla maɓallin rigarsa ta zuwa coci, ya kai hannu kan tiren, ta buge hannun.

"Na mutane ne."

"Ni aljani ne?" Ya lashe ɗan sukarin da ya samu a yatsa. "Mama, Twila shugabar taro ta ce za a kusa mutum sittin yau in hanya ba ta toshe ba. In haka ne, tara nake bukata. Kuma taran ce da ni, ba ƙari ba ragi. Ni, ke," sai ya ci gaba da lanƙwasa yatsu yana kiran sunayen mutane.

Mama yake ce mata tun 'ya'yansu suna ƙanana, sunan ya bi ta har suka yi jikoki. Lissafinsa kuma daidai ne. Duk kusurwar da ba ta tara kashi sha biyar cikin ɗari na waɗanda suka zo ba, ta mutu, ba ta da wakili ko ɗaya a babban taron gunduma. Sai dai mutanenta su lallaso wani ya cika su, ko su watse su shiga wasu.

Arlys ta dubi yatsa na biyu da ya lanƙwasa. Shekara arba'in da 'yan kai ita ce wannan yatsan. Ba mugunta ba ce. Delmar yana ƙirga ta ne kamar yadda mutum yake ƙirga ƙafarsa ta hagu in zai yi tafiya. In ta janye yau, za ta kayar da shi a gaban garin da ya sha wahalar zagayawa. In ba ta janye ba, ta san za ta dawo gida tana jin haushin kanta.

"Delmar," ta ce.

"Na'am?"

"Ka sha maganin gwiwarka?"

"Na sha. Ɗauko tiren mu tafi, kada maƙwabcinmu Merle ya riga mu kama wuri mai kyau."

Sanata Rudland bai yi wa Arlys laifin komai ba. Mutumin kirki ne a ganinta, kuma ya iya zancen farashin masara. Amma sanyin bara, da naƙuda ta kama 'yarsu Renae, asibitin gundumar ya riga ya rufe ɗakin haihuwa, sai an yi doguwar tafiya kafin a kai wani. Ba su kai ba. A bayan mota aka haifi yaron, a gefen titi, Arlys ce ta karɓe shi a cikin rigar sanyinta. Da lokacin kaka ya zo, wata 'yar takara mai suna Likita Corliss ta zo ɗakin karatun garin, mutane ko kujeru ba su cika ba. Arlys ta je ne kawai ta taimaka da dafa kofi. Matar ta yi maganar ƙananan asibitocin karkara kamar wadda ta taɓa tsayawa a gefen titin nan, Arlys ta tsaya da buta a hannu tana saurare har kofin ya huce.

A zauren wasan makarantar firamare ake taron. Suna shiga, ɗumi ya buge su, da ƙamshin kofi da warin jiƙaƙƙun takalma. Rigunan sanyi sun yi tudu a kan bencinan 'yan kallo. Mai kula da makarantar yana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu, yana hararar duk wanda ya shigo da ƙanƙara a ƙafa, kamar daben na gadon ubansa ne.

Arlys tana cikin masu aikin sa kai, teburin rajista ne nata tun da daɗewa. Tana son aikin nan. Tana son ganin fuskoki suna shigowa jajawur saboda sanyi, tana son yadda take gano sunan mutum tun kafin ya buɗe baki, tana son tsofaffin da ke zuwa da sandunansu suna cewa wannan ne na ƙarshe da za su halarta, alhali sun faɗi haka wancan karon ma. Yau ma ta ji wannan daɗin, sai dai ƙarƙashinsa gabanta yana ta faɗuwa.

Shugabar taron, Twila Hagedorn, ta zo ta dafa teburin. Shekaru ta yi tana tuƙa bas ɗin makaranta kafin ta yi ritaya, rabin mutanen da ke zauren ta taɓa daka musu tsawa su zauna.

"Lasifikar nan ta sake ƙin aiki," ta ce. "Kowane zagaye jam'iyya ta ce za ta aiko da sabuwa. Oho, na zo da usur ɗina. Ke kuma lafiya? Kin yi zuru-zuru."

"Sanyi ne."

"Sanyi ne," Twila ta maimaita tana kallonta ta saman tabarau, sannan ta wuce.

Ƙarfe bakwai na dare tana bugawa Twila ta sa aka rufe ƙofa. A nan ba a san alfarma ba. Ko fasto ne ya makara, sai dai ya leƙo ta taga. Ta hura usur, zauren ya yi tsit. Aka fara ƙirga mutane yadda aka saba: kowa ya ɗaga hannu, ya faɗi lambarsa, ya sauke. Aka ƙirga sau ɗaya, bai yi daidai da na teburin Arlys ba. Aka sake, bai yi ba.

"Wa ya tafi bayan gida?" in ji Twila.

Wani dattijo ya fito daga lungu yana gyara bel, zauren ya ɗauki tafi. Hamsin da takwas aka samu. Twila ta lissafa a allo, ta juyo ta ce duk kusurwar da ba ta kai tara ba, ta san inda dare ya yi mata.

Sai jawabai. Merle Sandvik, mai kiwon aladu, maƙwabcin su Delmar kuma abokin tsokanarsa tun suna samari, ya yi wa Gwamna Lattimer magana da muryarsa ta kiran dabbobi. Noreen Pruitt, mai aikin jinya a gidan tsofaffi, ta yi wa Likita Corliss. Da aka zo kan Delmar, ya lalube aljihunsa bai ga abin da ya rubuta ba, sai ya yi da ka. Ya ce Sanata Rudland ya taɓa tsayawa a gonarsa cikin taɓo da takalma masu tsada bai damu ba. Ya ce mutumin ya san bambancin masara da waken soya, abin da ba kowane ɗan takara zai yi alfahari da shi ba.

"Kuma in duk wannan bai ishe ku ba," ya ƙarasa, "akwai kek ɗin Arlys a kusurwarmu."

Aka yi dariya, aka yi tafi, wasu suka juyo suna yi mata murmushi. Arlys ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Twila ta hura usur. "To, kowa ya nemi gidansa!"

Kujeru suka fara ƙara, mutane suka kaure. Kusurwar Lattimer tana kusa da ƙofa, nan aka fi tururuwa. Ta Rudland tana hagu, ƙarƙashin ragar ƙwallon kwando. Ta Corliss tana dama, wajen da aka jibge katifun motsa jikin yara. Arlys ta rufe biro, ta gyara takardun da ba sa bukatar gyara, ta miƙe. Ta hango Delmar ya ɗauke hularsa daga kujerar da ke gefensa, yana share mata ita da tafin hannu.

Ta yi ta maza ta nufi dama. Takalminta yana ta ƙiƙi-ƙiƙi a kan daben, ita kaɗai take jin kamar duk zauren ya cika da ƙarar.

"Arlys, kin ɓata hanya ne?" in ji Noreen. "Su Delmar suna can."

"Na san inda suke."

Daga can Delmar ya ɗaga hannu yana yafito ta. "Mama! Nan ne! Nan!"

Ta dube shi, ta girgiza kai. Hannunsa ya tsaya a sama na ɗan lokaci, sannan ya sauko a hankali. Surutun zauren ya ragu, kamar an rage muryar rediyo.

Merle ne ya kasa haƙuri. "Kai jama'a! Delmar, ka zaga garin nan kaf, har karnuka sun san ka, ka manta da ɗakin kwananka?"

Dariya ta ɓarke. Matar Merle ta kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari, amma aikin gama ya gama. Kunnuwan Delmar suka yi ja. Arlys ta ji haushin Merle, ta ji tausayin mijinta, ta kuma ji haushin kanta da ba ta faɗa a kan teburin karin kumallo ba.

Twila ta zagaya tana ƙirgawa. Lattimer ya kwashi kusan rabin zauren. Corliss ta haye da rata mai kyau. Akwai wasu 'yan ba-ruwanmu uku a tsakiyar fili, amma kowa ya san surukan Merle ne, kek kawai suke jira su ci kafin su bi shi. Da ta zo ƙarƙashin ragar ta ƙirga sau biyu, don ita ma ba ta so.

"Rudland, takwas. Delmar, ka gaza da mutum ɗaya. Na ba da kwatan awa, kowa ya yi zawarcinsa."

Wannan kwatan shi ne daɗin taron ga yawancinmu. A nan ne mutumin da bai taɓa yi maka musu ba zai kama hannun rigarka yana rantsuwa da kabarin kakarsa. A nan ake tuna wa mutum wanda ya janyo masa mota daga cikin ƙanƙara, da wanda ya ara masa tarakta. Mutanen Merle suka yi wa bakwai ɗin Delmar caa, kowa da abin da yake miƙawa.

Noreen ta matso kusa da kunnen Arlys. "Ji mana. Mun wadata, ko kin tafi ba za mu rasa komai ba. In kina so ki koma ki cece shi, ba wanda zai ga laifinki. An riga an ga inda zuciyarki take."

Gaskiya ce, kuma ita ce ta fi komai wuya. Taku kaɗan ne. Ta koma, a yi tafi, Merle ya yi wani barkwancin, Delmar ya sami wakilinsa, gobe a ci gaba da zama kamar jiya. Har ta ɗaga ƙafa. Sai ta ga Delmar ya miƙe, ya ɗauki tiren kek, ya nufo su yana ɗingishi.

Nan take kowa a zauren ya sami abin kallo a silin ko a takalminsa. Haka muke yi in muna so mu ji komai.

Ya tsaya a gabanta kamar yadda yake tsayawa a ƙofofin mutane, ya ɗan rusuna.

"Barka da yamma, Malama Kuhlman. Sunana Delmar, ni ne jagoran Sanata Rudland a nan. Ko za ki ɗanɗana kek? Matata ce ta yi."

Muryarsa ba ta wasa ba ce sosai, ba kuma ta faɗa ba ce. Arlys ta dubi tiren.

"Na ji an ce ta iya."

"Ta iya abubuwa da yawa, ashe." Ya gyara riƙon tiren. "An koya mana in mun je gidan mutum kada mu fara da yabon gwaninmu. A fara tambayarsa abin da ke damunsa. To, Malama, me ke damunki a bana?"

Ta san tambayar. Ta ji yana bitar ta a gaban madubi, ta san ya yi wa kusan kowa a garin. Ba ta taɓa tsammanin za ta zo kanta ba, shi ya sa ba ta tanadi amsa mai laushi ba.

"Yaron bai yi kuka ba da ya fito," ta ce.

"Wane yaro?"

"Jikanka. Kai kana ba da labarin a rumbun hatsi ana dariya, wai ya fi motar asibiti sauri. Bai yi kuka ba, Delmar. Shiru ya fito, launinsa ba na mai rai ba. Na kifa shi a cinyata ina murza bayansa da rigata, ina ta murzawa. Renae tana tambayata, 'Mama, me ya sa ban ji shi ba?' Ni ina ce mata ta kwantar da hankalinta. Mijinta yana waje yana ihu a waya, ba mota ko ɗaya a hanyar. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba kafin ya tsala kuka. Har yau in na bi ta wurin sai na kau da kai."

Tiren ya ɗan karkata a hannunsa, ta kai hannu ta daidaita shi.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka shigo asibiti bakinka har kunne. Ban so in ɓata maka ba. Daga baya kuma ba ka tambaya ba."

Ya dubi kek ɗin. Can ya yi gyaran murya, don mutum ne da ba ya barin aiki a tsakiya.

"Shi ma Sanata yana da shiri a kan asibitocin karkara. Yana cikin ƙasidar da nake rabawa."

"Na karanta. Layi biyu ne."

"Layi biyu ne," ya amsa. Ya ɗago ya dube ta. "Doka ta ce in tambaya, Arlys. Za ki zo ki cika mu?"

Tana son mutumin nan, da jajayen kunnuwansa da rigarsa da ya ɓalla maɓallinta a karkace, kuma ta san abin da amsarta za ta jawo masa a rumbun hatsi har bazara.

"Ba zan zo ba, Delmar."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Ya miƙa mata tiren, ta ɗauki yanka ɗaya don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba. Ya miƙa wa Noreen, ya miƙa wa na kusa da ita, sannan ya juya.

Ta ga ya tara mutanensa bakwai, ya yi musu magana a taƙaice, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana musabaha. Suka watse, wasu suka nufi ƙofa wurin Merle, wasu suka taho dama suna ɗan kauce wa idonta. Shi kuwa ya koma kujerarsa ya zauna, ya ɗora tiren a cinya.

"Taho nan, tsoho!" Merle ya kira shi, wannan karon ba tsokana a muryarsa. "Akwai wuri. Na janye maganar ɗakin kwana."

"Riƙe wurinka, ka ba aladunka."

Twila ta je ta tsaya a kansa. "Delmar, ka san in ka zauna nan ba za a ƙirga ka da kowa ba."

"Na sani. Na ce wa Sanata ina tare da shi, ban ce sai in mun kai tara ba."

"Taurin kai dai, tun kana ɗan makaranta."

"Ba ki taɓa ɗauko ni a bas ɗinki ba, Twila, na girme ki."

"Na ji labari."

Aka sake ƙirga. Arlys ta ɗaga hannu, ta faɗi lambarta da ƙarfin da ya ba ta mamaki, ta sauke. Daga inda take tana hango shi shi kaɗai a ƙarƙashin ragar, yana cin kek a hankali, sukari ya zubo masa a riga. Tausayinsa ya cika ta. Amma akwai wani abu kuma da ta kasa musantawa: ta ji sakayau, kamar wadda ta sauke kayan da ta manta tana ɗauke da su. Ta ji kunyar wannan daɗin, amma bai tafi ba.

Sauran taron ya tafi yadda ya saba. Twila ta raba wakilai a allo, ta buga waya ta kai sakamako tana toshe kunne ɗaya da yatsa. Kusurwar Corliss ta nemi waɗanda za su je taron gunduma, Noreen ta kama hannun Arlys ta ɗaga tun kafin ta ce uffan, aka yi tafi. Wani ya kawo ƙudurin a gyara gadar bayan gari, kamar kowane zagaye, aka amince, kamar kowane zagaye. Mutane suka tono rigunansu daga tudun, waɗanda suka yi wa juna ihu ɗazu suna tambayar lafiyar iyali, ana tuna wa juna cin abincin coci na ranar Lahadi.

Masu aikin sa kai suka rage, ga kujeru ba iyaka. Twila ta wuce ta gefen Arlys da tarin takardu, ta ɗan matse mata damtse.

Delmar ya fara naɗe kujeru daga layin baya, aikinsa ne kullum. Arlys ta je ta tsaya inda ta saba, yana naɗewa yana miƙo mata, tana jerawa a kan keken ɗaukar kaya. Bai dube ta ba. Ta san shirunsa iri-iri, na gajiya da na fushi da na lissafin ruwan sama, amma wannan ba ta san shi ba, kuma ya tsorata ta. Suka gama layi ɗaya, suka shiga na biyu.

"Wancan karon," ya ce yana kallon kujerar da ke hannunsa, "da muka tsaya wa ɗan takarar nan mai gashin baki."

"Mm."

"Kina tare da shi?"

Ta girgiza kai. "A'a."

Ya miƙo kujerar, ta karɓa.

"Na kafin shi fa? Malamin makarantar nan?"

"Shi kam ina son sa. Har na fi ka."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Ya naɗe wata kujerar, ya tsaya riƙe da ita. Sai ya sake buɗe ta, ya ajiye. Ya jawo wata ya ajiye tana fuskantar ta farkon, ya zauna yana miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Zauna."

"Delmar, mai kula da makarantar yana so ya kashe fitilu."

"Ya jira. Ai bai gama goge dabensa ba." Ya nuna mata kujerar. "Fara daga farko, tun na shekarar da muka yi aure. Ina so in ji su duka, ɗan takara bayan ɗan takara."

Arlys ta dubi kujerar, ta dubi mijinta. Idanunta suka kawo ruwa, ta share da bayan hannu, ta zauna, ta gyara siket ɗinta a kan gwiwa.

"Na farkon dai," ta ce, "ban taɓa ganin sakarai irinsa ba."

Delmar ya gyara zama, ya juyo mata da kunnensa da ya fi ji.